Motar Kat-Kat: Yaushe Ake Sa Giyar Taimako, Yaushe Ake Cire Ta?

Da zarar ruwan farko ya sauka, hanyoyin da ƴan kasuwarmu ke bi sukan rabu gida biyu. Akwai kwalta, irin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Birnin Konni, Maraɗi da Damagaram har Diffa, tare da rassanta da suka gangara bakin iyaka, kamar ta Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Konni zuwa Illela. Sai kuma sauran, waɗanda su ne suka fi yawa: burji, da turbar yashi, da fadamun laka da ake ratsawa kafin a kai ƙauyukan da ake sayo gero, wake, albasa, tattasai da bisashe. Wannan kashi na biyu shi ya sa duk ɗan kasuwar da Allah ya hore masa yake neman a-kori-kura mai ja da taya huɗu, wadda muke kira kat-kat, galibi Toyota Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya.

Ba a banza waɗannan motoci suka yi suna a yankinmu ba. A shekarar 1987 sojojin Cadi sun yi amfani da su a hamada wajen fatattakar sojojin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka riƙa kiran wannan yaƙi da sunan yaƙin Toyota. Land Cruiser samfurin 70, wanda aka fara ƙerawa a 1984, har gobe shi ne abin hawan masu ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku. To amma ƙarfin mota daban, iya amfani da shi daban. Duk wanda ya leƙa garejin kanikawa a ƙarshen damina zai ga irin waɗannan motoci a kan jak, an kwance musu ƙasa, kuma da yawa daga cikinsu ƙaramar sandar nan da ke kusa da sandar giya ce ta kai su can, don an sa ta inda bai kamata ba, ko an manta ba a cire ta ba. Tun da kuɗin gyara daga aljihun mai mota yake fita, kuma kayansa ne ke ruɓewa idan mota ta kwana a daji, muka ga ya dace mu yi wa masu karatunmu bayanin wannan al'amari dalla-dalla.

Abin da ya sa mota mai taya huɗu take kafewa

Idan ɗalibai suna fareti a jere suka zo shan kwana, na gefen waje sai ya buɗe ƙafa, na ciki kuwa ya rage taku. Haka tayoyin mota suke: a kwana, tayar waje ta fi ta ciki tafiya mai nisa. Domin a ba su wannan dama ne aka sa wani ƙullin haƙoran ƙarfe a cikin tukunyar nan da ke tsakiyar aksul, wanda kanikawa ke kira difaransiyal. Aikinsa shi ne ya bar kowace taya ta juya da saurin da take bukata.

Sai dai wannan na'ura tana da hali guda. Rabonta daidai wa daida ne, kuma ba ta iya ba taya ɗaya ƙarfin da ya wuce abin da ƴar'uwarta ta iya riƙewa. Idan tayar hagu ta faɗa cikin santsin laka, ko ta ɗaga sama a bakin rami, ƙarfin da take iya riƙewa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ta dama ma wannan ɗan kaɗan ɗin za ta samu, ko da tana kan busasshiyar ƙasa. Sai ka ga ɗaya tana ta juyawa tana watsa taɓo, ɗayar kuma tana tsaye kamar an dasa ta. Mota mai ja da taya huɗu tana da irin wannan tukunya biyu, gaba da baya. Ke nan idan taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suka rasa abin kamawa a lokaci guda, kamar yadda yakan faru idan an ratsa kwazazzabo a karkace, motar za ta kafe duk da cewa an sa mata kat-kat. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro makullin difaransiyal, wanda za mu zo kansa nan gaba.

Ma'anar H2, H4 da L4

A kan ƙaramar sandar, wadda wasu direbobi ke kira karabo, wasu kuma ogzilari, an rubuta H2, H4, N da L4. A Hilux da aka fara fitarwa daga 2015 an maye sandar da ɗan maɓalli da ake murɗawa, amma aikin bai canza ba.

H2 ita ce ta yau da kullum. Tayoyin baya ne kawai ke tura mota, kuma a nan ya kamata ta zauna muddin ana kan kwalta ko busasshen burji mai tauri. Ta fi sauƙin shan mai, ta fi barin taya ta daɗe.

H4 tana haɗa gaba da baya su ja tare, ba tare da an rage gudun mota ba. Wurinta shi ne turbar yashi, burjin da ruwa ya jiƙa, da tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin taya. A sababbin Hilux ana iya shiga H4 mota tana tafiya, idan sitiyari yana miƙe kuma tayoyi ba sa juyawa a banza.

L4 ita ce ainihin giyar taimako. Tana rage gudu, ta ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi a yawancin waɗannan motoci. Ba a shiga cikinta sai an tsaya cak, an taka kuloci, ko an mai da giya firi idan motar mai canza giya da kanta ce. Ita ake so wajen hawan gangare da kaya, fita daga bakin gulbi, ratsa zurfin yashi a hankali, jan wata motar da ta kafe, da kuma sauka daga tudu mai santsi, inda inji ke riƙe mota ba sai an dogara da birki ba. Direban da ke ƙona kuloci yana neman tayar da mota mai kaya a giya ta ɗaya cikin yashi, alhali L4 tana gefen hannunsa, ya jawo wa maigidansa asarar da ba dole.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa. A Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da tsofaffin Hilux, akwai wani ɗan mamurɗi a cibiyar kowace tayar gaba, an rubuta FREE da LOCK. Idan yana kan FREE, ko an ja sanda zuwa H4 ko L4 tayoyin gaba ba za su ja ba. Dole a sauka a murɗa duka biyun zuwa LOCK. Sau da yawa akan taru ana tura mota ana zagin inji, ashe wannan ne kawai ba a murɗa ba. Mafi haɗari shi ne a sa L4 alhali cibiyoyin suna kan FREE, domin dukan ƙarfin nan da aka ninka zai sauka a kan aksul na baya shi kaɗai.

Kwalta ba wurin kat-kat ba ce

Nan ne ɓarna ta fi yawa. Wasu direbobi sun ɗauka idan mota ta yi lodi mai nauyi, ko ana ɗan yayyafi, barin ta a H4 a kan kwalta zai ƙara mata ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce, a Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya babu difaransiyal a tsakanin gaba da baya. Da zarar an sa H4, farfelar gaba da ta baya sun zama kamar ƙarfe ɗaya, dole su juya tare. Amma a kowace kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin zagaye mai faɗi. A kan yashi ko laka wannan bambanci yana fita ta hanyar ɗan zamewar taya, ba wanda zai ji. A kan kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, musamman idan akwai buhuna a baya, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa yana tara wahala har wani abu ya saki.

Alamominsa a fili suke: sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle ko tayoyi su riƙa kuka a kwana, sannan sandar ta ƙi fita daga H4. Idan haka ta faru, kada a doke ta da ƙarfi. A sauka gefen hanya inda akwai ƙasa mai laushi, a miƙe sitiyari, a yi ribas na ƴan taku, za ta saki da kanta. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka daga Maraɗi har Katsina, abin da ke jiransa shi ne cinyewar taya, karyewar gaɓoɓin farfela, ko fashewar akwatin giyar taimako baki ɗaya.

Ba dukan motoci ne haka ba. Prado da manyan Land Cruiser na alfarma irin samfurin 100 suna da difaransiyal na tsakiya, don haka kullum da taya huɗu suke ja, ko a kan kwalta, kuma babu laifi. Nasu makullin tsakiya ne ba a so a bari a kulle a kan titi. Haka nan wasu Mitsubishi L200 da Pajero masu tsarin Super Select, waɗanda 4H ɗinsu ta halatta a kwalta, amma 4HLc da 4LLc na daji ne kawai. Saboda haka wanda ya saba da wata mota ya koma wata, ya fara tambaya tukuna.

Wani abin lura kuma, kat-kat taimakon tashi da ja take yi, ba ta rage nisan da mota mai kaya ke bukata kafin ta tsaya. Birkin dai shi ne birkin. Direban da ya ga mota ta zauna daram a kan jiƙaƙƙen burji ya ƙara wuta, ranar da saniya ta fito masa a kwana zai gane haka.

Makullin difaransiyal: maganin minti biyu

Wannan makulli yana ɗaure tayoyin aksul ɗaya su juya tare, ko ɗaya tana sama tana lilo. A Hilux masu shi, na baya ne kawai, kuma maɓalli ne ake dannawa bayan an shiga L4. A Land Cruiser masu shi akwai mamurɗi mai mataki biyu: RR yana kulle baya, FR·RR kuma yana kulle gaba da baya duka. Idan fitilarsa a gaban direba tana ƙiftawa, bai kama ba tukuna, sai an ɗan motsa motar a hankali. Idan ta tsaya da haske, ya kama.

Ƙa'idarsa ta farko, ba a sa shi taya tana cikin juyawa. A ɗaga ƙafa daga totur, komai ya tsaya, sannan a kulle, in ba haka ba haƙoran za su haɗu da ƙarfi su farfashe. Ta biyu, littafin Toyota ya yi gargaɗin kada a wuce gudun kilomita 8 a awa muddin yana kulle, wato kaɗan ya ɗara saurin mai tafiya a ƙasa. Ta uku, da an fita daga mugun wurin a buɗe shi nan take, a kuma tabbata fitilar ta mutu. A sababbin motoci, kulle shi yana kashe na'urar nan da ke hana birki daskarewa, wannan ma wani dalili ne na rashin barin sa.

A fara da na baya, domin shi kaɗai yakan isa. Na gaba sai tura ta kai bango, kuma sai hanya tana miƙe, saboda idan an kulle gaba mota takan ƙi bin sitiyari, ta nufi inda hancinta ya duba. Gaɓoɓin da ke cikin gwiwar tayoyin gaba sun fi rauni lokacin da aka karya sitiyari zuwa ƙarshe, kuma a nan ne suke fashewa idan aka haɗa musu da totur. Haka kuma a kiyaye kulle taya a kan hanya mai santsi da ta karkata gefe guda, kamar gefen madatsar ruwa ko bakin fadama. Idan tayoyin biyu suka zame tare, bayan motar gaba ɗaya zai sulale zuwa gangare, kuma mota mai dogon lodi ba ta da wuyar kifewa.

Muna kuma jan kunnen masu zuwa wurin mai walda a liƙe musu haƙoran difaransiyal don tayoyin baya su zauna a kulle har abada. A daji zai yi daɗi, amma motar kasuwa rabin rayuwarta a kan kwalta take, kuma garin neman ƙiba za a samo rama.

Lodi shi ne abokin karyewa

Abin da kamfani ya ƙayyade wa waɗannan motoci bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da direba da yaran mota. Wato wajen buhu goma na gero mai kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ranar Alhamis a hanyar kasuwar Maigatari ya wuce haka nesa, kuma ƙarin ganyen sifirin da ake yi ba ya ƙara wa sandar aksul kauri. Idan aka kulle difaransiyal, taya ɗaya ta ɗaga, dukan ƙarfin aksul ɗin a kan sanda ɗaya yake sauka. A haɗa wannan da L4, da lodin da ya ninka ƙa'ida, da direban da ya danna totur har ƙasa, sai tayar da ke juyawa a sama ta dawo ta cafki ƙasa farat ɗaya. Ƙarar da za a ji a lokacin ita ce ta karyewar aksul.

Don haka idan mota mai kaya ta kafe, kuma an gwada sau ɗaya ko biyu ba ta fita ba, a daina. Kowane juyi na banza ƙara haƙa rami yake yi har cikin motar ya zauna a ƙasa, kuma idan ta zauna babu makullin da zai fid da ita. A sauke rabin kaya, a share gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faranti ko katako ko rassan itace, a gwada komawa baya ta sawun da aka shigo. Sauke buhu goma sha biyar aikin rabin awa ne, amma jiran aksul daga Kano ko Yamai aikin kwanaki ne, kuma tumatir da tattasai ba su san jira ba.

Yashi, laka da ruwa

A cikin yashi, rage iskar taya ya fi kowane makulli amfani, domin taya takan baje ta hau kan yashin a maimakon ta huda shi. Motar da ba ta da kaya sosai ana iya sauke ta zuwa wajen kilo ɗaya da rabi a ma'aunin iska, mai nauyi kuwa a rage kaɗan kawai, a kuma tafi a hankali, don taya mai ƙarancin iska tana zafi da sauri. Kafin a hau kwalta a mayar da iskar, shi ya sa famfo da ma'auni ba sa rabuwa da motar daji. A riƙe gudu matsakaici ba yankewa, a guji birki mai ƙarfi da kwana mai kaifi. Masu Land Cruiser da aka ƙera daga 2007 su san cewa tsakanin tayoyin gabanta ya fi na baya faɗi da kusan santimita 10, saboda haka na baya ba sa bin sawun na gaba daidai, kuma bayanta yakan ɗan yi rawa a turbar yashi.

A laka, dabara ita ce a sa H4 ko L4 tun kafin a shiga. Rigakafi ya fi magani: tsayawa a murɗa cibiyoyin gaba a busasshen wuri ya fi a yi shi ruwa yana gwiwa. A tura yaron mota ya auna zurfin wurin da sanda.

Ruwa mai gudu kuwa, irin na Gulbin Maraɗi ko ƙoramun da ke cika bayan ruwan sama, babu giyar da ke maganinsa, domin yakan ɗaga mota ya tafi da ita. A jira ya janye. Idan an ratsa ruwa mai zurfi, a duba man tukunyoyin aksul, saboda ƙarfe mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa. Man da ya koma fari kamar nono a zubar da shi a ranar.

Abin da mai mota zai riƙa dubawa

Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu ta yi kusa da juna, domin bambancin girma yana murɗe ƙarfe ko a miƙaƙƙiyar hanya idan an sa H4. Da rani kada a bar kat-kat ta yi wata da watanni ba a taɓa ta ba. Toyota ta ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da ita kowane wata don mai ya zagaya, sai a nemi turbar ƙasa a yi hakan, a kuma kunna makullin a kashe don kada ya daskare. Wasu motocin suna da difaransiyal mai ɗan riƙe kansa, wanda ake rubuta masa LSD, shi kuma yana da nasa mai na musamman.

Mai sayen ta hannu, ko daga Kwatano ta fito ko daga Lome, ya leƙa ƙasa ya tabbata farfelar gaba tana nan, don akan cire ta a ɓoye wata matsala. Ya kai motar kan yashi ya gwada H4 da L4. Makullin kuwa, a sa wa mota waigi, a mai da giya firi, a kunna shi, a ɗaga tayar baya ɗaya da jak. Idan an iya juya ta da hannu, bai kama ba, ko da fitila ta kawo.

A ƙarshe muna kira ga iyayen gida da su zauna da direbobinsu a kan wannan magana kafin damina ta yi nisa, su kuma daina matsa musu lambar sai an isa kasuwa ko ta halin ƙaƙa, domin sau da yawa gudun faɗan maigida ne ke sa yaro ya danna totur a inda ya kamata ya sauke kaya. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.